Me Ya Sa Kwalbar Take Fitowa Baƙa Ƙirin a Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, bana shekarata uku a sana'ar. Wata Hajiya mai sayar da kayan sha ta kawo mini aiki: kwalaben ruwan inabi marar maye, irin wanda ake jerawa a teburin ango da amarya, da kuma zoɓon da take ɗurawa a farar kwalbar gilashi. Na inabin a koriyar kwalba mai duhu yake, sak irin ta giyar inabin Turawa. Da na buga filash sai wani farin ɗigo ya fito a tsakiya, sauran kwalbar kuma baƙa ƙirin. Da na fita tsakar gida sai ga ni da kyamarata da igiyar shanya duk a jikin kwalbar. Don Allah yaya masu talla suke yi tasu take fitowa da dogon layin haske a gefe, sumul, rubutun kuma ana karanta shi? Kayan aikina kyamara ce da filash ɗaya da lemar baza haske.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kyamararka lafiyarta ƙalau, filash ɗinka ma haka. Kiɗa ne ya canza, kai kuma kana kan tsohuwar rawa. Hannunka ya saba da fuska da shadda da leshi, su kuwa in ka watsa musu haske sai su karɓa su baza shi ko'ina, kyamara ta samu rabonta duk inda take tsaye. Kwalba mai duhu ba ta baza komai. Madubi ce da aka naɗe kamar tabarma, abin da ke gabanta da gefenta shi take nuna maka. Farin ɗigon da ka gani hoton kan filash ɗinka ne, ya fito ƙarami don shi kan filash ɗin ƙarami ne. Igiyar shanyar ma ba sharri kwalbar ta yi maka ba, ai tana nan a tsakar gidan. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: me nake so kwalbar nan ta gani? Layin da ke burge ka a tallan nan hoton wani dogon farin abu ne mai haske da aka tsayar a gefe, inda kyamara ba ta kama shi.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ka san ta tun kana yaro kana haska wa abokinka ido da ɓallin madubi: haske yana tashi daga madubi da irin karkatar da ya sauka da ita. Hasan Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya zauna a Alƙahira ya kuma rasu wajen shekarar 1040, ya yi dogon bincike a kan madubai masu lanƙwasa, har da mai siffar bututu, wato dai siffar kwalbar da ke hannunka. Ba sai ka shiga lissafinsa ba. Ka ɗauka kwalbar tana tsakiyar agogon da aka kwantar a kan tebur, kyamara tana kan ƙarfe 6. In ka ajiye haske a kan ƙarfe 5 ko 7, layin zai fito dab da tsakiyar kwalbar, ya bi ta kan rubutu ya ɓata shi. A kan ƙarfe 4 ko 8, yana fitowa rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da baki. A kan 3 ko 9, wato gefe sosai, yana matsawa kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan tazarar, kuma nan ne yawancin masu talla suke so. In ka kai shi ƙarfe 2 ko 10 sai ya manne da baki ya sirance, a kan 1 ko 11 kuwa ya koma kamar zare, ya zana maka iyakar kwalbar. Ka lura, har abin da ke bayanta tana gani. Shi ya sa tsakar gida ta kunyata ka.

Kafin ka kunna komai, sai ka fara kashewa. Ka rufe taga, ka kashe ƙwan ɗaki, ka kawar da duk wani farin abu ko mai ƙyalli da ke kusa. In da filash za ka yi, sa gudun ƙiftawar kyamara a 1/125 na daƙiƙa, ƙofar haske a f/11, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, sannan ka ɗauki hoto ɗaya ba filash. In bai fito baƙi wuluk ba, akwai hasken da ke shigowa ba da izininka ba, nemo shi. Ka kuma duba tufafin jikinka. Akwai lokacin da na yi wa wani mai zuma aikin kwalabe sha biyu, na kwana ina gyara, na kai masa ina taƙama. Ya buɗe hoton farko a waya, ya ja shi da yatsu biyu, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wannan ba jar hularka ba ce?" Ita ce kuwa, a kafaɗar kowace kwalba, sha biyun nan cif. Tun daga ranar baƙar riga nake sawa, in rufe ƙafafun sandar kyamara da baƙin ƙyalle, wani lokaci ma in huda baƙin kwali in leƙo da idon kyamara ta ramin.

Lemar nan taka ka ajiye ta sai ranar ɗaurin aure. A jikin kwalba fitowa take yi yadda take, da ƙarafunanta da sandarta, kamar gizo-gizo ya kwanta. Abin da kake bukata farin bango ne mai haske, dogo, marar tabo. Masu kuɗi suna sayen dogon akwatin hasken nan siriri, mai faɗin santimita 30 da tsawon 120, amma su ma ba sa barin sa haka, sai sun ƙara masa wata takarda a gaba. Takardar ce ke aikin, ita kuwa ba ta da tsada. Je ka wurin masu sayar da kayan zanen gini ka sayi takardar nan mai shara-shara da ake kwafar taswira da ita, wadda ake sayarwa a naɗe. In ba ka samu ba, farar roba marar ƙyalli irin ta masu allon talla ma ta yi. Farin yadi yana yi, sai dai dole a goge shi a ɗaure shi tam, don duk wata tattara da ke jikinsa sai kwalbar ta tona ta. Kafinta ya buga maka firam na katako, ka manna takardar, ka tsayar da ita a kan ƙarfe 9, tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga kwalbar. Filash ɗin kuma ya koma bayan takardar yana haska ta. Yanzu kwalbar ba ta ganin filash, takarda take gani.

Tsawon takardar shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa. Kwalba mai cin mililita 750 tsawonta bai wuce kimanin santimita 30 ba, sai mutum ya yanko takarda daidai wannan tsawon, ya ga layin ya yanke a kafaɗa. Dalili shi ne kafaɗar kwalba sama take kallo, abin da ke can sama take nunawa. Takardar ta kai mita ɗaya ko fiye, kuma gindinta ya taɓa teburin ko ya wuce ƙasa da shi, in ba haka ba layin ba zai sauka har gindin kwalbar ba. Ka duba kuma wace irin kafaɗa kwalbar Hajiya take da ita. A Faransa akwai siffofi biyu da duniya ta kwaikwaya. Ta yankin Bordo tsaye take ƙyam da kafaɗa mai tudu, layin haske yakan karye a nan ya sake tashi a wuya. Ta yankin Burgundi kafaɗarta a zube take, layin yana gangarowa daga wuya har ƙasa ba yankewa. In mai tudun ce, ka karkato saman takardar ya ɗan rufo kan kwalbar kamar rumfa, sai karayar ta haɗe.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba, kuma da na gane shi rabin wahalata ta ƙare. In layin ya yi fari fat har ya ƙone, mai hoton biki zai ja hasken baya, don ya san haske yana raguwa da nisa: in ka ninka tazara biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isowa. Wannan gaskiya ne a kan fuska, gaskiya ne kuma a kan sitikar kwalba, tunda takarda ce. Amma a kan gilashi ba ya aiki. Hoton fitila a madubi ba ya dusashewa don ka ja ta baya, ƙanƙancewa kawai yake yi. Da ka ja takardar nesa, layin zai sirance da zafinsa yadda yake, sitikar kuma ta yi duhu, sai ka buɗe kyamara don ka ceto sitika, layin ya ƙara ƙonewa. Akasin haka za ka yi. Matso da takardar da filash ɗinta kusa da kwalbar: sitika ta ƙoshi da haske, layin ya faɗaɗa, kai kuma ka samu damar rage ƙarfin filash, farin ya sauko ya yi laushi.

Daga nan sai wasa da tazarar da ke tsakanin filash da takardar, kuma a nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. In filash ɗin yana nesa da takardar, kamar mita ɗaya, ta haskaka bai ɗaya, layin ya fito da baki biyu masu kaifi kamar an manna farin tef. Wasu suna son haka, ni dai ba na so, yana sa kwalba ta yi kama da zane. In ka matso da shi ka kuma karkata shi ya fi bugun ƙarshen takardar na baya, sai can ya yi haske sosai, ya riƙa dusashewa yana tahowa gaba. A jikin kwalbar za ka ga layin ya yi kaifi ta wajen baki, ya narke a hankali ta wajen tsakiya har ya ɓace cikin duhun gilashin. Wannan narkewar ita ke gaya wa ido cewa abin nan kewayayye ne, mai nauyi, mai santsi. Kan filash ɗinka ƙarami ne, zai so ya yi tabo ɗaya a tsakiyar takardar maimakon ya bi tsawonta. Maganinsa ka juya kan a tsaye, ka jawo 'yar robar baza hasken da ke maƙale a samansa, ko ka sa wata takardar ta biyu tsakaninsa da ta farkon. Matsar da shi da faɗin yatsa uku yana canza hoton, don haka ka ɗauka, ka duba, ka matsa, ka sake ɗauka.

Ɗaya gefen kuma ba sai da filash na biyu ba. Tsayar da dogon farin kwali a kan ƙarfe 2 ko 3, ya tare hasken da ya wuce ya mayar. Zai ba ka siririn layi marar ƙarfi wanda ya isa ya raba kwalbar da duhun baya. Kada ka yi ƙoƙarin daidaita gefe biyun su zama tagwaye, ɗaya ya fi ɗaya shi ya fi kyau.

In ma ba filash, akwai abin da kusan kowane gida yake da shi. Ɗaki mai ƙofa ɗaya, ko zauren da za a iya toshe ɗaya ƙofarsa, da rana tsaka. Ƙofa doguwa ce, siririya, cike da haske, sauran ɗakin kuma duhu. Rataya farin yadi a bakinta, ka sa tebur a gefe yadda ƙofar za ta zama ƙarfe 9 ɗinka, ka rufo ƙyauren gwargwadon faɗin layin da kake so. Na yi hotunan turare da yawa a haka. Illarsa ɗaya, rana tana tafiya, in aikin ya ja sai hoton farko da na ƙarshe su bambanta. In kuwa da fitilar LED ta lantarki za ka yi, ka tuna wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu araha suna ƙifta ido tare da ita, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto, balle a kan janareta. Sauke gudun kyamara zuwa 1/50 ko ƙasa da haka, in dai a kan sanda take ba abin da zai girgiza. Kuma kada ka haɗa fitilu masu launi daban. Hasken rana da na filash suna wajen 5500 a ma'aunin Kelvin na launin haske, ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700. In suka haɗu a kwalba ɗaya, gefe guda shuɗi gefe guda rawaya, gyaransa a kwamfuta aikin baban giwa ne.

To, batun baƙin da ka yi kuka da shi. Koriyar kwalbar nan mai jan ruwan inabi a ciki ba za ta taɓa yin ja ba, ko da fitilar mota ka dasa a bayanta. Koren gilashi yana shanye jan haske, jan ruwa kuma yana shanye kore, in haske ya ratsa su biyun kusan ba abin da ke saura. Ka duba tallan jar giyar inabi na Faransa ko Italiya da kyau, kwalbar baƙa ce, layukan haske da sitika da murfi ne kawai suke fito da ita. Ka bar ta a baƙarta, ka yi mata ado da gefe. In Hajiya tana son a ga launin abin da ke ciki, a zuba a kofin gilashi a ajiye kusa, a haska kofin ta baya.

Don kwalba irin wannan, in kana son baya mai duhu, ga dabara. Tsayar da babbar takarda mai haske a bayan kwalbar, a kan ƙarfe 12, sannan ka sa baƙin kwali ko karammiski a tsakiyarta, faɗinsa daidai abin da kyamara ke kamawa, kada ya wuce. Kyamara za ta ga baƙi kawai, amma bakin kwalbar hagu da dama yana hango farin da ya leƙo ta gefen kwalin, sai ya zana siririn layi fes daga murfi har gindi. In kwalin ya cika faɗi layin ya ɓace, in ya cika ƙanƙanta farin ya shigo hoto. In kuma farin baya ake so, irin wanda kasuwannin intanet suke nema, sai ka juya lamarin: farin baya mai haske daidai faɗin hoton, baƙaƙen kwalaye biyu a gefe dab da inda hoton ya ƙare. Farar kwalba a kan farin baya ɓacewa take yi, baƙin kwalin ne ke ba ta baki mai duhu har a san inda ta tsaya.

Zoɓon kuwa labarinsa daban, kuma shi ya fi daɗin aiki. Farar kwalba ba ta tare komai, don haka in haske ya biyo ta baya, zoɓo yana kamawa ya yi jawur kamar garwashi. Ta gaba ba ya yi, ko nawa ka zuba masa sai ya fito kamar baƙin shayi. Yadda ake yi, ka samu kwali ka yanka shi da siffar kwalbar amma ya ɗan gaza ta, yadda zai ɓuya a bayanta. Ka liƙa masa takardar foyil ta girki, ɓangaren da ba ya ƙyalli sosai, ko ka bar shi fari in kana son laushi. Tsayar da shi bayan kwalbar da ɗan tazarar yatsu uku zuwa huɗu, a karkace wajen takardar haskenka, ya kamo hasken ya turo shi ta cikin ruwan. Sai ka leƙa ta kyamara kana juya shi a hankali har ka ga cikin kwalbar ya kama. Abu biyu za su ba ka mamaki. Na farko, kwalba mai ruwa tana juya abin da ke bayanta, na hagu ya koma dama, don haka in ka ga duhu a dama, hagun kwalin za ka gyara. Na biyu, sitikar baya tana tare hasken ta bar baƙin tabo a tsakiya. Ka nemi izinin Hajiya ka jiƙa ta a ruwan ɗumi ka ɓare. Foyil mai ruwan zinariya yana kyau da zuma da man zaitun da turare, amma a zoɓo yana jan launin zuwa ruwan goro, ni fari ko azurfa nake sa masa.

In zoɓon ya yi kauri har hasken ya kasa ratsawa, tace shi da kyau tukuna, don gari-garin da ke yawo a ciki ne ke kashe shi. Wasu sukan sirka da ruwa kaɗan don hoto. Ban hana ba in dai abin da ya fito a hoton shi ne launin da mai saye zai gani in ya ɗaga kwalbar a rana. Amma a sirka shi ya koma kamar lemon kwalba, ko a murɗa launin a kwamfuta, wannan ya zama algus, kuma Hajiya za a zaga, ba kai ba. Kunun aya da fura da nono ba sa buƙatar duk wannan, haske ba ya ratsa su, haskensu na gefe ne kawai.

Sitika ita ce abin da Hajiya za ta fara dubawa, kafin ta kalli layinka da ka sha wahala a kansa. In takarda ce marar ƙyalli, hasken gefen nan tare da ɗan farin kwali a ƙasa ta gaba, a kwance yana kallon sama, sun wadatar. Matsalar tana ga rubutun zinariya. Shi ma madubi ne, in bai ga fari ba baƙi yake fitowa, kuma tunda gaba yake kallo, farin dole ya tsaya kusa da kyamara. Da ka tsayar da shi nan kuwa, sai ga shi ɓaro-ɓaro a tsakiyar gilashin. Ba a cin wannan yaƙin a hoto ɗaya. Ana ɗaukar hoto na musamman don sitika, a riƙe farin kwali a gaba ana karkata shi har zinariyar ta kama, ba ruwanka da abin da ya faru da gilashin, daga baya a yanko sitikar kaɗai. Akwai gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a idon kyamara ana murɗawa. Yana taimakawa a sitika mai santsi, amma kada ka sa rai da yawa: ya fi aiki in hasken ya bugi gilashi a karkace kimanin digiri 56, ita kuwa kwalba kowane yanki da tasa karkatar, sai ya share wani wuri ya bar wani. Yana kuma cinye fiye da rabin hasken da ke shiga. Lambar NAFDAC da sunan kaya su fito a karanta su, wannan ba a sasanta shi.

Wato dai hoton tallan da kake gani ba hoto ɗaya ba ne. Yawanci uku ne zuwa biyar aka ɗora: na layin hagu, na bakin dama, na cikin ruwa, na sitika, wani lokaci da na murfi, wanda ake yi wa farin kwali ta sama. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop, ko ta GIMP wadda kyauta ce, sai a jera su bisa juna a goge inda ba a so. Sharaɗin shi ne kyamara da kwalba kada ɗaya ya motsa ko da ƙwayar gero. Sanda mai ƙafa uku dole ce, ka saita gani da hannu a kan rubutun sitika ka bar shi, ka kulle ma'aunin fari mai daidaita launi, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Ka ja baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu ka yi aiki da idon kyamara mai tsawon milimita 85 zuwa 100. In ka matso da gajeren ido, kwalbar za ta kumbura a ciki ta tsuke a kai. Tsayin kyamara ya zo daidai tsakiyar sitika, ko ƙasa kaɗan in kana son kwalbar ta yi kwarjini. Mai aiki da waya ya danna 2x ko 3x, ya kulle haske, ya guji yanayin nan mai dusashe baya, don yana cinye bakin gilashi.

Tsafta kuma kafin komai, musamman a lokacin hunturu. Ƙurar da ido ba ya gani a kan baƙar kwalba kamar taurari take fitowa. Goge ta da sifirit da ƙyalle marar gashi, ka sa safar hannu, ka ajiye ta, sannan ka hure da ɗan famfon roba dab da ɗauka. Minti biyar na gogewa ya fi awa biyu na cire ɗigo-ɗigo a kwamfuta. Kowace kwalba tana da layin ɗinki biyu daga ƙerarta, ka duba kada ɗaya ya faɗo cikin layin haskenka, in ya faɗo ka zaɓi wata kwalbar da sitikarta ta zauna daidai. Abin da za ka ɗora ta a kai, baƙin tayil mai sheƙi ko baƙar roba mai kauri suna ba da inuwar madubi guda ɗaya mai kyau. Gilashin taga biyu yake bayarwa, ɗaya daga samansa ɗaya daga ƙasansa, sai abin ya yi kamar ido ya samu matsala.

Raɓar sanyi da kake gani a jikin kwalaben talla ba daga firij take ba, ta gaske tana gangarewa kafin ka gama saiti, ta kuma jiƙa sitika. Gilisarin ne na kemis, rabi da rabi da ruwa, a 'yar kwalbar feshi. Ka rufe sitika da wuyan da ba ruwa a ciki da takarda, ka fesa daga nesa sau biyu ko uku, ɗigon zai tsaya cak na tsawon lokaci. Zoɓo ya dace da ita, tunda da sanyi ake shan sa. Ta inabin ni zan bar ta a bushe, raɓa tana farfasa dogon layin nan da ka zo nema tun farko.

Hajiya za ta ce maka tana son hoto ɗaya da duka kwalaben a jere, kullum sai sun ce. Ka sani kowace kwalba za ta nuna maƙwabciyarta ta kuma tare mata haske, ta ƙarshe a layin ba ta samun komai. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a wuri guda da haske guda, ka yi alama da ɗan tef a inda gindin yake, ka jera su a kwamfuta. In dole sai a tare, kada su wuce uku, ɗaya a gaba biyu a ɗan baya, da tazarar da haske zai ratsa. Kuma ka ce ta kawo biyu-biyu na kowane iri, waɗanda sitikarsu ba ta karkace ba kuma ruwan ya cika daidai wuya, don ɗaya za ta rasa sitikar bayanta, wataƙila ma a buɗe ta a zuba a kofi.